Wace ƙofa zan buga a sama wa ɗiyar yayata ɗaki? Ta dawo daga aikatau a ƙasar Larabawa

Mai Koko:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina leƙowa ina karanta ku, ban taɓa sa baki ba. Yau dole ta sa. Koko da ƙosai nake sayarwa a nan Kumasi, shekara 11 ke nan a bakin titi ɗaya. Unguwar kam ba zan faɗa ba, in kun karanta za ku ga dalili.

Magana ce a kan ɗiyar yayata marigayiya, wadda na riƙe tun tana aji huɗu. Yanzu shekararta 24. A 2022 wata mata da muke haɗuwa wajen awure da suna ta zo har gindin tukunyata, ta ce akwai aiki a Kuwait, shagon kayan kwalliya, albashi duk wata, ga wurin kwana kyauta. Na ce mata ai na ji tun 2017 gwamnati ta hana kai 'yan aikin gida ƙasashen nan. Ta ce, "Haba Hajiya, wa ya ce miki aikin gida? Shago ne, har da na'urar sanyi." Sidi (kuɗin Ghana) 5,000 muka ba ta: susun (adashin) da na kwasa a watan, da turmin atamfa shida da yaya ta bari. Ranar da aka ce ba ta filin jirgin Ankara za su tashi ba (Ankara tamu ta Ghana, ba ta Turkiyya ba), wai sai an bi da su ta Aflao an tsallaka Lome, ranar ya kamata in ce a fasa. Ban ce ba. Wannan yana nan a wuyana.

Babu wani shago. Tun a filin jirgi aka karɓe fasfonta. Gida uku ta yi wa bauta cikin wata 20, albashin wata biyar kaɗai ya shiga hannunta. In ta ce gida take so, sai uwar gidan ta ce kuɗi suka biya a kanta, ta biya su tukuna. Yadda ta fito labari ne mai tsawo, Allah ya saka wa waɗanda suka yi karo-karon kuɗin tikiti. Wata huɗu ke nan da dawowarta.

To ga inda gizo ke saƙa. Ɗaki ɗaya gare mu da ɗan baranda, a gidan haya mai ɗaki 14, famfo ɗaya, makewayi ɗaya. Ni da yara uku da ita a ciki. Maigidana tun da ta dawo a baranda yake shimfiɗa tabarma, in hadari ya taso ya tafi masallaci. Bai taɓa buɗe baki ya yi ƙorafi ba, amma ai ina da ido. Ita kuma ba ta barci. Ƙarfe uku na dare sai in ji ƙarar tukunya, in fito in same ta tana goge abin da na riga na wanke. Abinci a tsaye take ci, bayan ƙofa, hannu baka hannu ƙwarya kamar za a ƙwace. Rannan ina tace gasara ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Mma, in sha ruwa?" A gidanmu fa, daga randar da ita da kanta ta cika! Na ajiye rariya na shiga ɗaki na sha kukana.

Tsakar gida ma ba a bar ta ba. "'Yar Kuwait, ina tsarabarmu?" Wasu da wasa, wasu da gayya. Har an fara cewa wai daloli ta ɓoye. Ga shi ƙanwar matar da ta kai ta a layinmu take, kullum sai sun yi kiciɓis wajen mai niƙa.

Na samu ɗaki a wata unguwa, kusa da wata ƙawata da za ta riƙa leƙa ta. Sidi 250 a wata, amma mai gidan ya ce adibas na shekara biyu yake so, 6,000 ke nan a dunƙule. Na ce masa na ji doka ta ce wata shida. Ya yi dariya ya ce to in je doka ta ba ni ɗaki.

Shi ne na ɗauki ƙafa na je asambuli, wato majalisar ƙaramar hukumarmu, har sau uku, kuma duk zuwan nan cinikin safe nake bari. Na farko aka ce wanda zan gani ya tafi taro. Na biyu na samu wata yarinya mai kirki, ta saurare ni har ƙarshe, ta rubuta a littafi, sannan ta ce gaskiya ba su da wani kuɗi da aka ware don irin wannan. Ta zuge jakarta ta ba ni sidi 20 kuɗin mota. Na uku aka ce in kawo wasiƙa, ba a gaya min wa zan rubuta wa ba.

Tambayata ke nan. Tikitin haraji da nake yanka kowace safiya shekara 11, babu ko kwabo a ciki na irin waɗannan yaran? In ba asambuli ba, wa ke da alhakin? Kuma dole ne sai mun je wajen 'yan sanda kafin a taimaka mata? Don ita da ta ji an ambaci caji ofis jikinta ke ɓari.

Tsohon Asambuliman:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya saka miki da maigidanki. Shekara takwas na yi a asambuli a nan Ankara, bari in gaya miki yadda tukunyar take daga ciki don kada takalminki ya ƙare a banza.

Kuɗin da asambuli ke juyawa da hannunta kashi biyu ne manya. Akwai wanda take tarawa da kanta: tikitinki, kuɗin rumfunan kasuwa, na tasha, harajin gidaje, lasisin shaguna. Sai kuma Komon Fan, asusun bai-ɗaya da tsarin mulkin 1992 ya kafa a sashe na 252, wanda ya ce a ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa a raba wa majalisun ƙananan hukumomi. Yanzu su 261 ne ke cin tuwon. Duk bayan wata uku ya kamata ya sauko, kuma ba sirri ba ne yakan makara. Kafin ya iso an riga an yi masa miji: kwasar shara, gota, ajujuwa, ɗan asibitin unguwa, burtsatse. Shara kaɗai a gari irin Kumasi ko Ankara ba ƙaramin ci take yi ba.

Abin lura shi ne naƙasassu suna da kasonsu a killace, a zamanina kashi 3 cikin 100 ne, da asusunsu daban da kwamitinsu. Shi ya sa gurgu ko makaho zai rubuta takarda, in an daɗe a kira shi a ba shi firiza ko keken ɗinki. Ba don an fi tausayinsu ba ne, don an rubuta sunansu a takardar rabo ne. Waɗanda aka yi fataucinsu kuwa, shekara takwas ban taɓa ganin layinsu a bajet ɗinmu ba. Yarinyar da ta ba ki sidi 20 ba ƙarya ta yi miki ba. Ma'aikaci ba ya iya fitar da kuɗin da ba a rubuta ba, in ya fitar masu binciken kuɗi za su hau kansa.

To ta yaya abu ke shiga bajet? Wasiƙar da aka ce ki kawo, ta hannun asambuliman, wato wakilin unguwarku a asambuli, za ta bi, zuwa ƙaramin kwamitin ayyukan jin daɗin jama'a, wanda kowace asambuli ke da shi. Daga nan ta hau kwamitin zartarwa, sannan babban zaure. Wajen Agusta zuwa Oktoba ake haɗa bajet ɗin shekara mai zuwa, in kin bari ya wuce sai baɗi. Kuma kada ki je ke kaɗai. Mai koko ɗaya za a yi mata sannu a sallame ta. Amma in ga magajiya, ga wakilin Sarkin Zango, ga limami, ga sa hannun mutum talatin masu ƙuri'a, sai a jawo muku kujera. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta wajabta a saurari jama'a wajen tsara ayyuka, ana kuma kiran taron gari, mu ne ba ma zuwa. In na kira taro a unguwata kan gota mutum goma ba sa cika, in awure ne sai an toshe titi.

Shawara ɗaya daga wanda ya sha faɗuwa a zauren nan: kada ku ce a gina muku gidan marasa galihu. Za a tafa, a ce babu fili. Ku nemi abin da za a iya rubuta kuɗinsa a layi ɗaya, misali asambuli ta kama ɗaki biyu na shekara, a hannun ofishin jin daɗin jama'a, duk yarinyar da ta dawo ta zauna wata shida kafin ta tsaya da ƙafarta.

Wannan duk na gobe ne. Na yau, ki rubuta wa ɗan majalisar dokokinku. Su ma suna da kasonsu a Komon Fan, kuma daga nan sukan biya wa mutane kuɗin makaranta da na asibiti, hanyarsa ta fi gajarta. Akwai kuma shirin tallafin haya na ƙasa da aka buɗe a Janairun 2023, jihar Ashanti na cikin waɗanda aka fara da su. Rance ne, a biya mai gida adibas, ke ki riƙa biya wata-wata, kuma sai mai shaidar samun kuɗi a kai a kai. Wato ke ce za ki nema da tarihin momo ɗinki (asusun kuɗi na waya), ba ita ba. Maganar wata shida da kika yi wa mai gida daidai ne, dokar haya ta 1963 ce, sai dai ɗaki ya yi ƙaranci, mai ɗaki ya zama sarki.

Asusun raya zanguna da aka kafa a 2017 kuwa ya fi karkata ga gine-gine. Filin ƙwallo mai ciyawar roba dai mun samu, alhamdulillahi.

Baba Mai Goro:

Onarabul ya yi bayani, amma ni tambaya nake. Tun yaushe ɗan zango ya koma neman masauki a hannun hukuma? Garin nan na Kumasi da me kakanninmu suka zauna shi? Fatake su zo daga Arewa da shanu, su koma da goro, kowane baƙo yana da maigidansa, shi zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a ciniki. Kalmar zango kanta ai masauki ce. Yau a ce 'yarmu ta rasa ɗakin sidi 250 a unguwar da ake yanka sa biyu a bikin suna!

Hajiya, ki sa maigidanki ya sami liman a keɓe, ba sai an ambaci suna ba. Mutum takwas Alƙur'ani ya lissafa a rabon zakka, a cikinsu akwai 'yanta wuya, akwai wanda bashi ya danne. Wadda aka riƙe wa fasfo aka ce sai ta fanshi kanta, in ba ta shiga nan ba wa zai shiga? Ni na ɗauki alkawarin 300, ki turo min lambar momo ta akwatin sirri.

Sai dai maganar 'yan sanda ban goyi baya ba. Matar nan tamu ce, gobe a makabarta ɗaya za a haɗu. A kira ta gaban manya ta dawo da kuɗin, a rufa wa yarinya asiri. In hankalinta ya kwanta a nema mata miji na gari, ɗakin miji ya fi na haya.

Ma'aikaciyar Jin Daɗin Jama'a:

Baba, Allah ya ƙara girma, 300 ɗinka ta yi, amma a yi min afuwa zan saɓa maka a kan sauran. Matar da ta kai wannan ba ita kaɗai ta kai ba. Duk sulhun da aka yi a zaure aka dawo da 5,000, wata yarinyar ce za ta biya shi a zuwa na gaba. Shekara tara ina wannan aikin, na ga haka ba sau ɗaya ba.

Yaya Mai Koko, abin da ya sami 'yarki yana da suna a doka. Dokar hana fataucin mutane ta 2005, mai lamba 694, ba ta ce sai an ɗaure mutum da igiya ba. Yaudara na ciki, amfani da talaucin mutum na ciki. An ce shago, aka kai ta wanke-wanke, aka riƙe fasfo da albashi: ya cika. Hukuncin wanda aka kama da laifin bai gaza shekara biyar a kurkuku ba. Ina faɗa ne don na san abin da ke cin ta, tana ganin ai da ƙafarta ta tafi, don haka laifinta ne. Ke ma haka kike gani game da kanki. Ba haka doka ta gani ba.

Onarabul ya yi gaskiya a kan Komon Fan, amma akwai wata tukunyar da bai buɗe ba. Dokar nan ta kafa asusu na musamman don waɗanda aka yi fataucinsu, a ƙarƙashin ma'aikatar kula da jinsi, yara da kare marasa ƙarfi. Ta lissafa abin da za a yi da kuɗin: ci da sutura, koyar da sana'a, neman dangi, mayar da mutum cikin jama'a, har da gina wuraren karɓa a gundumomi. Ta kuma ce a ba asambuli kuɗi daga asusun don ta kula da wanda aka yi fataucinsa a yankinta. A 2015 aka fitar da ƙa'idojin aiwatarwa. To in za ku rubuta wasiƙar, ku sa wannan a ciki. Ba roƙo kuke ba, tambaya kuke: me asambulinmu ta nema daga asusun, me aka ba ta? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 ta ba ki damar ki nemi amsar a rubuce.

Ba zan yi miki daɗin baki ba, abin da ke kan takarda daban, abin da ke isowa ƙasa daban. Gwamnati ta buɗe gidan fakewa na mata manya a 2019, akwai kuma na ƙungiyoyi, amma yawancin na ƙungiyoyin yara suke karɓa, musamman waɗanda aka ceto daga kamun kifi a tafkin Volta. Kuma duk na wucin gadi ne, ana kwana ana jinya a sallame ka. Kuɗin adibas na haya shi ne ramin da kowa ke tsallakewa. Ni kaina sau nawa ina rubuta rahoto mai kyau, in rasa man babur da zan je duba yarinya.

Duk da haka ki buɗe mata fayil. Babu ƙungiya ko ma'aikatar da za ta saki kuɗi a kan labarin baki. Kuma ba lallai ki fara da caji ofis ba: dokar ta yarda a kai rahoto ofishin jin daɗin jama'a, ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, ko ofishin taimakon shari'a. Ki koma wajen yarinyar nan mai sidi 20, ki ce mata ba taimako kika zo nema ba, rahoton fataucin mutum kika kawo, a rubuta shi da wannan sunan. Daga nan ita za ta tura ofishin kula da fataucin mutane da ke ma'aikatar. Ma'aikatar na da layin kira kyauta, 0800 800 800. In ranar zuwa wajen 'yan sanda ta zo, akwai sashe na musamman na yaƙi da fataucin mutane, ba kan kantar caji ofis ake tsayawa da ɓarayin waya ba, kuma ma'aikaciya na iya raka ta.

Ku adana komai: saƙonnin murya na WhatsApp, rasit ɗin momo, tambarin da ke cikin fasfo, tikitin dawowa. Kada ta goge don baƙin ciki, da yawa suna gogewa.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna fiye da ɗakin. Rashin barcin nan da neman izinin shan ruwa ciwo ne, yana da magani. A sabunta mata katin inshorar lafiya, ofishin jin daɗin jama'a na iya tantance ta a matsayin marar hali a yafe mata kuɗin rajista. Ku je babban asibiti ku nemi ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. A yi addu'a, a sha rubutu, a kuma ga likita. Kada kuma ki sa hotonta ko sunanta a Facebook don neman taimako, ko wa ya ba ki shawarar.

Wadda Ta Dawo Daga Beirut:

Mma, na karanta na kasa wucewa. Ni a 2020 na dawo daga Labanan, cikin waɗanda aka kwaso lokacin korona. Can ma tsarin kafala ne, takardar zamanka a hannun mai gidanka take, in ka fita ba izini kai ne mai laifi. Shekara biyu na yi ina kwana a kicin kan katifa 'yar siririya, in baƙi sun daɗe sai na jira sun tafi kafin in shimfiɗa.

Da na dawo wata ƙungiya ta koya mana ɗinki wata uku, aka ba mu keke, aka ɗauki hoto. Na gode musu har yau. Amma ina zan ajiye keken? A ɗakin kawuna muke mu bakwai. Keke ya zauna ƙarƙashin gado wata takwas cikin kwalinsa, ƙarshe na sayar na biya bashin da aka ci don tafiyata. Kowa yana son ya ba ka sana'a, don sana'a tana kyau a hoto.

Abin da ya tashe ni wata tsohuwa ce a unguwar Madina ta Ankara, Allah ya jiƙanta, ta ba ni ɗakin da take ajiye gawayi ta ce in biya wata-wata. Na share, na shafa farar ƙasa, na sayi kwaɗo na sidi 15. Daren farko na kulle na buɗe, na kulle na buɗe, ban san sau nawa ba. Na ɗaura makullin a bakin zane na yi barci har rana ta fito, rabona da haka shekara uku. Kada ki bari a ce miki ɗaki almubazzaranci ne tunda tana da wurin kwana.

Amma Mma, duk cikin rubutunki ban ga inda kika ce ita ta ce tana son ɗakin ba. Ki tambaye ta. Wata 20 ana yanke mata hukunci, yaushe za ta tashi, me za ta ci, wa za ta gaisa da shi. In ku ma kuka taru kuka yanke, ko da alheri ne, jikinta ba zai bambance ba. Wata tana son kaɗaici, wata kuma kaɗaicin ne zai ƙarasa ta.

Baba, ka yi haƙuri, ni 'yarka ce. Maganar miji a jinkirta. An yi min haka wata biyar da dawowata, auren bai kai shekara ba ya mutu. Mutumin bai yi min komai ba, murya kawai zai ɗaga ya kira ni daga waje sai in ga na miƙe tsaye ina rawa.

Mai Koko:

Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Kwana tara ban leƙo ba, ga abin da ya faru.

'Yata ta Beirut, maganarki ta soke ni, don gaskiya ban tambaye ta ba. Ranar Lahadi da yara suka tafi makaranta na zauna da ita muna gyaran wake, na ce mata ga ɗaki na gani, kina so ko ba kya so? Ta daɗe ba ta ɗago ba. Can ta ce tana so, amma kada a bar ta ita kaɗai da dare tukuna, a ba ta ƙaramar 'yata ta riƙa kwana da ita. Ta ce kuma kada a saya mata keke, ƙosai take so ta soya kamar ni, a titin da ba a san ta ba. Ashe duk tsayuwar da take yi a bayana da asuba kallon hannuna take.

Mun koma wajen yarinyar nan ranar Talata, na faɗi kalmar yadda 'yar'uwa ta ce in faɗa. Sai ga shi ta ciro wata takarda daban da ta farko, ta rufe ƙofa, suka yi awa biyu su biyu, ni ina waje kan benci. Saƙonnin murya suna nan ba ta goge ba, har wanda matar ke cewa shago. Maganar 'yan sanda ta ce a ba ta lokaci, ma'aikaciyar ta ce ba za a ja ta da ƙarfi ba. Asibiti an ba mu ranar Alhamis mai zuwa.

Baba, kuɗinka sun shigo, Allah ya ƙara buɗi. Maigidana ya ga liman, bayan Juma'a aka samu 1,150 ba tare da an kira suna ba. Mijin ƙawata kuma ya je ya zauna da mai ɗakin, da ƙyar da siɗin goshi ya sauko zuwa shekara ɗaya, 3,000. Saura 1,550, ga susuna yana fitowa ƙarshen wata mai zuwa, in mai ɗakin zai jira. Sulhu da matar nan kuwa Baba, ka gafarce ni, ba zan iya ba. Da na je wajen magajiyarmu a asirce, kafin in rufe baki ta lissafo min yara huɗu da suka dawo cikin shekara biyun nan, biyu daga cikinsu ta hannun mace ɗaya suka tafi. Ɗaya tana kwana a shagon mai kitso, sai an rufe ta shiga.

Magajiya ta ce za ta sa hannu, za ta kuma kai mu wajen asambuliman ɗinmu da kanta, don ɗan ƙawarta ne ba zai iya ɓoye mata ba. Onarabul, ɗana na sakandare ne zai rubuta wasiƙar. Sunan wa za a sa a sama, shugaban asambuli ko shugaban kwamitin? Kuma ɗaki biyu za mu nema kamar yadda ka ce, ko tunda yaran sun kai biyar mu ce uku?